Fashin Baƙi Kan Imperfecto, Shuɗaɗɗen Lokacin da Bai Kammala Ba a Nahawun Sifaniyanci

Duk wanda ya fara koyon Sifaniyanci yakan yi kuka da yawan sauye-sauyen aikatau, domin kowane aikatau yana canza ƙarshensa gwargwadon mai aikin da kuma lokacin da aka yi shi, har siffofin kalma guda su kai gommai. A cikin waɗannan lokuta akwai guda ɗaya da ya fi sauran sauƙin ginawa nesa ba kusa ba, shi ne wanda hukumar kula da harshen a Madrid, wato Real Academia Española, take kira *pretérito imperfecto*, malamai da ɗalibai kuma suke taƙaitawa su ce *imperfecto*. Shuɗaɗɗen lokaci ne, sai dai yana kallon aiki daga tsakiyarsa, yana cikin gudana ko yana ta maimaituwa, ba tare da faɗin inda ya fara ko inda ya tsaya ba. Antonio de Nebrija, wanda ya buga nahawun farko na harshen a birnin Salamanca a 1492, ya kira shi *passado no acabado*, abin da ya wuce amma bai ƙare ba, kuma har yau da wuya a sami bayanin da ya fi wannan dacewa da shi.

Kafin a sarrafa kowane aikatau sai an dubi siffarsa ta ƙamus, wadda ba ta nuna mai aiki ko lokaci. Wannan siffa tana ƙarewa da ɗaya daga cikin abu uku: *-ar* kamar a *hablar*, yin magana, *-er* kamar a *comer*, cin abinci, ko *-ir* kamar a *vivir*, zama a wuri ko rayuwa. Idan aka cire waɗannan haruffa biyu na ƙarshe, abin da ya rage shi ne saiwar kalmar, wato *habl-*, *com-* da *viv-*, kuma a kan wannan saiwa ake liƙa ɗafa-ƙeyar imperfecto. Rukunin *-ar* ya fi sauran biyun yawa ƙwarai, kuma yawancin sababbin aikatau da harshen yake ƙirƙira a cikinsa suke faɗawa, shi ya sa ake fara koyarwa da shi.

Ga yadda *hablar* yake fita. Mai magana shi kaɗai zai ce *yo hablaba*, wato a lokacin ina magana, ko kuma a da nakan yi magana. Wanda ake magana da shi, idan aboki ne ko na ƙasa, *tú hablabas*. Wanda ake magana a kansa, namiji ko mace, *él hablaba* ko *ella hablaba*, kuma wannan siffa ce ake ba *usted*, wakilin sunan girmamawa da ake yi wa babba ko baƙo magana da shi. A jam'i, mu shi ne *nosotros hablábamos*, ku *vosotros hablabais*, su kuwa *ellos hablaban* ko *ellas hablaban*, kuma jam'in girmamawa *ustedes* shi ma *hablaban* yake ɗauka. Haka *trabajar*, yin aiki, zai ba da *trabajaba, trabajabas, trabajaba, trabajábamos, trabajabais, trabajaban*, haka *estudiar* da *comprar* da *cantar* da dubban 'yan uwansu.

Rukunin *-er* da na *-ir*, waɗanda suka ɗan bambanta a lokaci mai ci, a nan sun haɗe sun zama abu guda. *Comer* yana ba da *comía, comías, comía, comíamos, comíais, comían*, *vivir* kuma *vivía, vivías, vivía, vivíamos, vivíais, vivían*. Littattafan koyarwa da yawa suna jera waɗannan a matsayin ɗafa-ƙeya goma sha biyu da ɗalibi zai haddace, kuma a ganina wahalar da ɗalibi ce ba gaira ba dalili. Abin da ke nan alamar lokaci ce guda biyu, *-aba* ga rukunin *-ar* da *-ía* ga sauran biyun, sannan alamar mai aiki ta biyo baya, kuma ita iri ɗaya ce a ko'ina: ni ba a ƙara komai, kai ko ke a ƙara *-s*, shi ko ita ba a ƙara komai, mu a ƙara *-mos*, ku a ƙara *-is*, su a ƙara *-n*. Wanda ya riƙe wannan ya gama da ginin lokacin baki ɗaya, saura rubutu da furuci.

A wajen rubutun ne ake yawan tuntuɓe, musamman game da ɗan karan da ake ɗorawa a kan wasali, wanda masu harshen suke kira *tilde*. Mai karatun Hausa ya saba da rubutun da ba a nuna karin sauti ko tsawon wasali a cikinsa, saboda haka yana iya ɗaukar wannan alama a matsayin ado, alhali a Sifaniyanci tana cikin ƙa'idar rubutu kamar yadda lanƙwasar ƙ da ɗ take a Hausa. Aikinta shi ne nuna gaɓar da ake ƙarfafa murya a kanta idan gaɓar ta saɓa wa abin da aka saba. Ƙa'idar ita ce, kalmar da ta ƙare da wasali ko *n* ko *s* ana ƙarfafa gaɓarta ta kusa da ƙarshe ba tare da wata alama ba, shi ya sa *hablaba*, *hablabas* da *hablaban* ba su ɗauke da komai, ƙarfin yana kan *bla* a dukansu. Da aka zo *hablábamos* sai kalmar ta ƙaru da gaɓa ɗaya, amma ƙarfin bai motsa daga *bla* ba, ya zama ke nan yana kan gaɓa ta uku daga ƙarshe, kuma duk kalmar da ƙarfinta ya faɗa nan tilas a sa mata alama. Ita kuwa *hablabais* ba ta ɗaukar alama, domin *ai* ɗin da ke cikinta tagwan wasali ne da ake furtawa a gaɓa guda, kodayake har 'yan ƙasar sukan yi kuskuren sa mata, wataƙila saboda sabo da *habláis* ta lokaci mai ci.

A ɓangaren *-ía* dalilin alamar daban ne, kuma duka siffofi shida suna ɗauke da ita. Idan *i* ta haɗu da *a* babu alama, Sifaniyanci yana narkar da su cikin gaɓa ɗaya, su yi sauti kusa da "ya". Alamar ce take raba su, a furta *co-mí-a* gaɓa uku. Rashin sa ta yana iya haifar da wata kalma dabam: *hacía* na nufin yana yi, *hacia* kuwa na nufin wajen ko zuwa ga, *sabía* na nufin ya sani, *sabia* kuwa mace ce mai hikima.

Akwai kuma batun harafin *b* na *-aba*. A furucin Sifaniyanci *b* da *v* sauti ɗaya ne, kuma idan suka faɗo tsakanin wasula biyu leɓɓa ba sa haɗuwa sosai, sautin ya fito a sassauce. Wannan ya sa yara 'yan makaranta a Sifaniya da Latin Amurka sukan rubuta *hablava*, malamai su yi ta ja musu jan biro. Abin sha'awa shi ne, haka aka riƙa rubuta shi a tsohon Sifaniyanci, kuma har gobe Italiyanci yana rubuta *parlava*, harshen Fotugal kuma *falava*. Bayan kafa hukumar harshen a 1713 ne, a cikin ƙarni na 18, aka tsayar da *b* domin rubutun ya dace da asalinsa na Latin, inda ake cewa *amabam, amabas, amabat* daga aikatau *amare*, so.

Wannan asali na Latin yana warware wasu abubuwan da ɗalibi zai iya ɗauka a matsayin son zuciyar harshe. A Latin duk rukunonin suna da *b*, ana cewa *amabam*, ana kuma cewa *habebam*, amma a rukunin da ya zama *-er* da *-ir* sai *b* ta zube, wasulan da suka rage suka rikiɗe suka zama *-ía*. Hanyar ba ta miƙe sak ba, domin a rubuce-rubucen ƙarni na 13 ana yawan cin karo da siffofi irin su *tenié* da *avié*, kafin *-ía* ta yi rinjaye. Sannan Latin yana bambanta ni da shi ta harafin ƙarshe, *amabam* da *amabat*, da *m* da *t* ɗin suka faɗi sai siffofin biyu suka zama ɗaya. Ga mai koyo, sakamakon wannan a aikace yake: Sifaniyanci ya saba barin wakilin suna domin ƙarshen aikatau ya isa ya nuna mai aiki, amma *trabajaba en Valencia* tana iya nufin ina aiki a Valencia, ko yana aiki, ko tana aiki, ko ma kana aiki idan *usted* ake nufi. Inda zancen da ya gabata bai fayyace ba, sai a fito da *yo* ko *él* ko *ella*. Bahaushe zai ƙara lura cewa aikatau na Sifaniyanci ba ya bambanta kana da kina, ko yana da tana, jinsi sai a wakilin suna ko a sifa yake bayyana.

Game da *vosotros* da siffofinsa *-abais* da *-íais*, amfaninsu ya dogara da ƙasar da mutum ya dosa. A Madrid da mafi yawan Sifaniya da su ake yi wa abokai da yara magana a jam'i. A Meziko, Kolombiya, Kuba da sauran Latin Amurka ba a amfani da su a maganar yau da kullum, *ustedes hablaban* ake cewa ko da 'ya'yan cikin mutum ne, kuma haka abin yake a tsibiran Canarias na Sifaniya. A Ajantina da Uruguay, inda ake cewa *vos* a maimakon *tú*, siffar imperfecto ba ta canza ba, *vos hablabas* ne.

Babbar rahamar wannan lokaci ita ce, aikatau masu taurin kai a sauran lokuta a nan suna bin layi. *Pensar*, yin tunani, yana zama *pienso* a lokaci mai ci, *dormir*, yin barci, yana zama *duermo*, *pedir*, roƙo, yana zama *pido*, amma a imperfecto saiwarsu tana nan yadda take a ƙamus: *pensaba, dormía, pedía*. Dalilin a fili yake ga irin su *pensar* da *dormir*, domin wasalin saiwa yana rabewa biyu ne idan ƙarfin murya ya faɗa a kansa, a imperfecto kuwa ƙarfin kullum yana kan ɗafa-ƙeya. Haka *tener* da *hacer* da *decir* da *poder*, waɗanda suke sa ɗalibi gumi a ɗaya shuɗaɗɗen lokacin, na aikin da aka yi aka gama, da *tuve, hice, dije, pude*, a nan *tenía, hacía, decía, podía* ne kawai. Ko sauyin haruffa na rubutu ba a buƙata, *buscar* da yake komawa *busqué* a can, a nan *buscaba* ne.

Aikatau uku rak suka fita daga ƙa'ida. *Ser*, kasancewa, yana ba da *era, eras, era, éramos, erais, eran*, kai tsaye daga *eram* na Latin. *Ir*, tafiya, yana ba da *iba, ibas, iba, íbamos, ibais, iban*, kuma shi kaɗai ne a wajen rukunin *-ar* da ya riƙe tsohuwar *b*. *Ver*, gani, yana ba da *veía, veías, veía, veíamos, veíais, veían*, kuma shi saɓaninsa kaɗan ne, tun da tsohuwar siffarsa *veer* ce, *e* ɗin da ake gani ragowar waccan siffa ce. Ko waɗannan ukun ba su bar alamomin mai aiki da aka ambata a baya ba.

Wani wuri da ido yake yaudarar mai karatu shi ne kamannin imperfecto da lokacin sharaɗi, wanda shi ma yake ƙarewa da *-ía*. Bambancin yana wurin da aka liƙa ɗafa-ƙeyar: imperfecto a kan saiwa, *comía*, yana ci, na sharaɗi a kan cikakkiyar siffar ƙamus, *comería*, da zai ci. A aikatau *querer*, so, tazarar ta ƙara ƙanƙancewa har ta koma harafi ɗaya, *quería* da *querría*.

Sanin gini ba shi ne sanin wurin amfani ba, kuma a nan ne masu jin Turancin Ingilishi suke shan wahala, domin sai sun zaɓa tsakanin imperfecto da *pretérito indefinido*, lokacin da yake nuna aikin da aka yi aka gama, kamar *hablé*, na yi magana. Bahaushe yana da ribar da ya kamata ya ci moriyarta, domin nahawun Hausa an gina shi ne a kan wannan rarrabewa, tsakanin aikin da ya kammala da wanda yake ci da wanda aka saba. Idan muka ce muna cin abinci sai baƙi suka iso, "muna ci" shi ne gurbin imperfecto, "suka iso" kuma gurbin indefinido: *comíamos cuando llegaron los invitados*. A bakin mutane an fi jin *estábamos comiendo* a irin wannan wuri, amma ita ma *estábamos* imperfecto ce ta *estar*. Idan muka ce a da kakata takan sayar da burodi a kasuwa, "takan" na lokaci sabau shi ma imperfecto ne: *mi abuela vendía pan en el mercado*. Ke nan siffa guda ta Sifaniyanci ta haɗa aikin "ina" da na "nakan". Abin da ya bambanta shi ne, "ina" ta Hausa ba ta nuna zamani da kanta, sai an ce jiya ko a da ko a lokacin, alhali *-aba* da *-ía* suna ɗauke da shuɗewar a jikinsu. Wanda ya yi karatun Larabci zai gane shi a *kana yaktubu*, ya kasance yana rubutawa, wanda ya yi makarantar Faransanci a Nijar ko Kamaru kuma ya san ɗan uwansa *imparfait*, tun da daga Latin ɗaya suka fito.

A cikin labari, imperfecto shi ne tabarmar da ake shimfiɗawa, indefinido kuma abubuwan da suke faruwa a kanta. Da shi ake faɗin ƙarfe nawa ne, *eran las tres*. Da yanayin gari, *hacía calor*, ana zafi, ko *llovía*, ana ruwa. Da shekarun mutum, *tenía diez años*, yana da shekara 10. Da kamanninsa da halinsa, *era alto*, dogo ne. A wannan misali na ƙarshe akwai abin kiyayewa, domin "ne" da "ce" na Hausa ba sa nuna lokaci, "malami ne" tana iya zama yau ko shekara 30 da suka wuce, shi kuwa Sifaniyanci tilas ya zaɓa tsakanin *es maestro* da *era maestro*.

Kuskuren da ya fi yaɗuwa shi ne zaton cewa imperfecto na aiki mai tsawo ne, indefinido kuma na gajere. Tsawo ba shi ne ma'auni ba, iyaka ce ma'auni. Francisco Franco ya mulki Sifaniya daga 1939 zuwa 1975, kuma duk da tsawon wannan mulki za a ce *Franco gobernó España durante treinta y seis años*, da indefinido, saboda an faɗi adadin shekarun, an rufe zancen ta gaba da baya. Amma idan ana so a ce yana kan mulki lokacin da Gini Ikwatoriya ta sami 'yancin kai a 1968, sai a ce *Franco gobernaba España cuando Guinea Ecuatorial se independizó*, domin yanzu an tsaya a tsakiyar mulkin ana kallon wani abu da ya auku a cikinsa. Mulkin ɗaya ne, wurin tsayuwar mai magana ne ya sauya. Wannan ne ya sa Andrés Bello, masanin nahawu haifaffen Caracas wanda ya buga nahawunsa a Santiago ta ƙasar Chile a 1847, ya raɗa wa lokacin suna *copretérito*, wato wanda yake tafiya tare da wani abin da ya shuɗe, kuma da wannan suna ake koyar da shi a makarantun Meziko.

Akwai wurin da kunnen Hausa, wanda ya taimaka a baya, zai iya kai mutum ya baro. Hausa tana amfani da siffar aikin da ya kammala wajen faɗin wasu halaye masu ɗorewa: na sani, na gane, na iya, na san shi. Mai fassara daga Hausa a zuciyarsa zai ji "na sani" ya miƙa hannu ga indefinido ya ce *supe*, alhali *supe* na nufin na sami labari ko na gano a wani lokaci takamaimai. Sanin da yake zaune a zuciya a wancan lokaci *sabía* ne. Haka *conocía a su padre* na nufin na san mahaifinsa a lokacin, *conocí a su padre en Sevilla* kuwa na nufin a Sevilla na fara haɗuwa da shi. *Podía abrir la puerta* na nuna cewa ina da ikon buɗe ƙofar, ko na buɗe ko ban buɗe ba, *pude abrir la puerta* kuma na nuna na yi ƙoƙari har ta buɗu. Mafi kaifi a cikinsu shi ne korewar *querer*: *no quería ir* ba na son zuwa ne, wataƙila ma daga baya na je, amma *no quise ir* na ƙi zuwa ke nan, magana ta ƙare.

Da yake imperfecto ba ya rufe aiki, masu harshen sun ja shi zuwa wuraren da ba su da alaƙa da abin da ya wuce. Mai shiga shago a Sifaniya yakan ce *quería un café*, a zahiri "ina son kofi a da", alhali yanzu yake so, ya mayar da buƙatar baya ne domin ta yi laushi, kuma mai shagon shi ma yana iya tarbarsa da *¿qué deseaba?*, me ake buƙata. Ana amfani da shi wajen kawo maganar wani, *dijo que estaba cansado*, ya ce ya gaji. Wajen ba da labarin mafarki, *soñé que volaba*, na yi mafarki ina tashi sama. Da wajen aikin da aka yi haramar yi wani abu ya katse shi, *ya salía cuando sonó el teléfono*, ina shirin fita ke nan waya ta yi ƙara. Yara ma idan za su raba matsayi a wasa da shi suke rabawa, ɗaya ya ce *yo era el médico y tú eras el enfermo*, ni ne likita kai ne majinyaci, alhali ko fara wasan ba su yi ba.

Siffa ɗaya da ɗalibi zai yi ta haɗuwa da ita ita ce *había*, daga *haber*, wadda take daidai da "akwai" idan ana maganar da. Ƙa'idar rubutu ta ce ba ta ɗaukar jam'i a wannan ma'ana, ko mutum ɗaya ne ko dubu: *había un hombre*, *había muchas personas*. A titunan Latin Amurka da gabashin Sifaniya za a ji mutane da yawa suna cewa *habían muchas personas*, amma hukumar harshen ba ta amince da hakan ba, kuma mai gyaran takardar jarrabawa zai ɗauke shi kuskure. Jam'in *habían* yana halatta ne idan *haber* yana taimaka wa wani aikatau, kamar a *ya habían comido cuando llegué*, sun riga sun ci abinci kafin in iso.